Wasiƙa Zuwa ga Yaran Kasuwar Kwastam Masu Burin Tuƙa Jirgin Sama

'Ya'yana,

Kwanan baya ina zaune a bakin shagon wani aminina a Kasuwar Kwastam, ana auna gero, sai ƙarar jirgi ta ratso ta samanmu. Ɗansa da ya gama sakandare bana ya tsaya cak da mudu a hannu, ya bi jirgin da ido har ya ɓace. Uban ya dube ni ya ce, "Ka gan shi nan, ba shi da zance sai na jirgi. Na ma yanke shawarar sayar da gonata in kai shi makarantar tuƙi." Maganar gonar nan ce ta tsaya mini a rai, ita ta sa na rubuto muku.

Burinku mai kyau ne, kuma mu mutanen Maiduguri mun san darajar jirgi. Bayan harin da aka kai sansanin sojan sama a Disambar 2013 an rufe filin jirginmu, fasinja bai sake tashi ba sai 2015, kowa ya koma bin hanyar Damaturu da addu'a a baki. Shekara da shekaru kuma jirage masu saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya ke kai ma'aikatan agaji Monguno da Ngala da Gwoza. Me zai hana a ce ɗan Gamboru ko 'yar Gwange ce ke riƙe da sitiyarin?

Amma ku 'ya'yan kasuwa ne, kun san ba a ɗora kaya a mota sai an lissafa har kuɗin sauke su. To ku fara da abu mafi arha: gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta amince da shi. Zai duba ido da kunne da zuciya. Akwai yaron da bai taɓa sanin ba ya bambance ja da kore sosai ba sai a ɗakin nan. Ku gyara lissafi da Turanci, domin da Turanci ake magana da hasumiyar filin jirgi a duk duniya. Sannan a nemi gurbi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ko ta Ilori.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Ranar da aka miƙa maka lasisin tuƙin haya, awoyinka a sama ba su wuce 200 da 'yan kai ba, kuma a ƙananan jirage ka yi su. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kamfani zai tambaye ka takardar ƙwarewa a kan samfurin jirgin da yake da shi, domin wanda ya koyi Boeing 737 ba zai hau Embraer ya tuƙa ba sai ya sake zama ɗalibi. Wannan horo galibi a waje ake yin sa, da dala ake biya, ga shi dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ba ta haura 1,500 a 2024. Gwamnatin Kano ta taɓa tura matasa 100 Jodan, suka koyi tuƙi suka dawo da lasisi, amma da yawansu sun yi shekaru ba su samu kujerar jirgi ba, saboda wannan mataki na biyu. Lasisin kuma ba ajiye shi ake yi a akwati ba, yana bukatar sabuntawa, hannu ma yakan yi sanyi. Idan kuɗin gona zai ƙare a kan lasisi kaɗai, wallahi gara a dakata a sake shiri.

Wanda Allah ya ba shi aiki, yawanci a kamfanin jigilar cikin gida zai fara, mataimakin matuƙi a kujerar dama. Kada ya raina ta. Jirgi mai kujera 50 irin Embraer 145 da Rano Air ke amfani da shi, ko mai farfela irin ATR 72, shi ne makarantar gaskiya. Mai tafiya Landan sau ɗaya yake sauka bayan awa shida, kai kuwa sai ka tashi ka sauka sau huɗu a yini: Abuja, Maiduguri, Abuja, Kano. Za ka san hazon hunturu da ke rufe titin jirgi har a koma inda aka fito. Za ka san zafin Afrilu, lokacin da iska ke yin sako-sako, jirgi ya bukaci dogon gudu kafin ya ɗaga, wani lokaci dole a rage kaya. A haka ake tara awa 1,500 da doka ta nema kafin babban lasisin da ke kai mutum ga zama kyaftin.

Kamfanoninmu fa ba su da tsawon rai, wannan kam ina faɗa muku da ɓacin rai. Nigeria Airways ta rushe a 2003. Iyayenku sun hau Kabo da Chanchangi da IRS, ku tambaye su ina suke yau. Arik da ta fi kowa girma a lokacin, hukumar karɓar bashi ta AMCON ta karɓe ta a 2017 saboda bashi. Kujera da naira ake sayar da ita, kayan gyara da inshora kuma da dala, shi ya sa albashi kan yi jinkiri. Saboda haka idan kamfani ya ce zai biya maka horo bisa sharaɗin ka yi masa shekaru kaza, ka kai takardar wurin lauya kafin ka sa hannu. Idan kuma ka ji abokai sun tafi Dubai ko Doha, ni dai shawarata ka zauna har ka koma kujerar hagu ta kyaftin. A ƙaramin kamfani layin zama kyaftin ya fi gajarta, kuma awoyin da ka yi kana jagora su ne ake daraja ko ina ka je.

Akwai wasu ƙofofin. Ɗan da ubansa ba shi da gona ya nemi makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna ya shiga sojan sama, gwamnati ce za ta koya masa, sai dai ya san rai ya sa a gaba. Akwai tuƙin jirgi mai saukar ungulu da kamfanonin mai ke bukata, akwai injiniyan jirgi, akwai mai kula da zirga-zirga a hasumiya, Zariya na koyar da biyun ƙarshen nan. Ku kuma 'yan mata, ku sani Kyaftin Chinyere Kalu ta tuƙa jirgi har ta shugabanci kwalejin Zariya. Ko wace ƙofa kuka bi, ku riƙe wani karatu ko sana'a a gefe, domin matuƙi duk shekara sai ya koma gaban likita, hawan jini ko ciwon suga na iya sauke shi tun kafin ya kai shekara 65 ɗin da ake ajiye aiki.

Ɗan aminina, kai da 'yan uwanka, ina roƙonku abu biyu kafin a kira dillalin gona: ku je ku yi gwajin lafiyar nan, sannan ku zauna da mahaifinku ku rubuta kuɗin tafiyar duka, tun daga Zariya har ranar da za ku zauna a kujerar dama. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da ya fi alheri.

Wassalam,
Kawunku.