Yadda Za Ka Zauna Lokacin Bimbini

Karatu: Fitowa 17:8-13

Sau nawa ka durƙusa da asuba don ka yi bimbini a kan Maganar Allah, kafin minti 5 gwiwa ta fara ciwo, hankalinka duka ya koma kanta? Wani kuma ya kwanta don ya ji daɗi, sai hasken rana ne ya tashe shi. Da haka mutane da yawa suka daina keɓe lokaci da Ubangiji, suna cewa ba su da ruhaniya, alhali kuwa zama ne ba su gyara ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɗora mana zama iri ɗaya ba. Daniyel yakan durƙusa sau 3 a rana (Daniyel 6:10). Sarki Dawuda ya zauna a gaban Ubangiji (2 Sama'ila 7:18). Ishaku ya fita saura da yamma (Farawa 24:63). Iliya ya sunkuya ƙasa a Dutsen Karmel, fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa (1 Sarakuna 18:42). Allah ya karɓe su duka, gama zuciya yake dubawa.

A karatunmu na yau, hannuwan Musa sun gaji ana tsakiyar yaƙi. Haruna da Hur ba su tsauta masa ba. Suka kawo dutse ya zauna, suka riƙe hannuwansa har faɗuwar rana, Isra'ila kuwa ta yi nasara. Ka ga taimakon jiki ba rashin bangaskiya ba ne.

Ga abin da za ka gwada:

1. Idan a tabarma kake zama, ka naɗe zane ko bargo ka zauna a kai, don ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu. Ƙafa ba za ta yi saurin sagewa ba.

2. Idan kujera ce, tafin ƙafarka ya taɓa ƙasa, bayanka a miƙe, kafaɗu a sake. Mai ranƙwafawa ba ya numfashi sosai, barci kuma yana kusa da shi.

3. Dattijo ko mai ciwon gwiwa kada ya tilasta wa kansa durƙuso. Ya jingina da bango.

4. Kada ka fara bayan ka ƙoshi da tuwo. Idan gyangyaɗi ya zo, ka tashi tsaye, ka yi 'yar tafiya a tsakar gida kana juya ayar a zuciyarka.

Fara da minti 10. Zaman da ya dace shi ne wanda zai sa ka manta da jikinka, amma bai sa ka barci ba.

Tambaya: Mene ne yake yawan yanke maka bimbini, ciwo ko barci? Me za ka canja gobe da safe?

Addu'a: Ya Uba, kai ka yi jikina, ka san kasawarsa. Ka koya mini natsuwa a gabanka, domin Maganarka ta sami wuri a zuciyata. Cikin sunan Yesu. Amin.