Magogin Katako Mai Lanƙwasa: Yadda Ake Saita Shi da Dalilin da Ke Sa Katako Tsagewa

Magogin katako da aka saba gani a hannun kafintoci tafinsa miƙaƙƙe ne, saboda haka shimfiɗaɗɗen katako kaɗai yake iya gyarawa. Idan aka ɗora shi a cikin kwarmin katakon da aka yanka kamar baka, sai goshinsa da ƙeyarsa su tokare, wuƙar ta tsaya a sama ba ta taɓa komai ba. Wannan ce ta sa masu ƙera ƙafafun keken doki da jiragen ruwa a Turai suka riƙa sassaƙa magogai na itace masu lanƙwasasshen tafi, kowane lanƙwasa da nasa magogin. A cikin shekarun 1870 kamfanin Stanley na Amurka ya fito da na ƙarfe, wanda tafinsa siririn ƙarfe ne mai tanƙwaruwa. Da an murɗa sukuru guda sai tafin ya yi doro ko ya yi kwarmi. Mai lamba 113 ya yi suna ƙwarai, daga baya kuma kamfanin Record na birnin Shefil a Ingila ya yi nasa mai lamba 020.

Saita shi

Faɗin wuƙar kusan milimita 44 ne, kuma tana zaune a kan kusurwa mai digiri 45. Akan wasa bakinta a kan digiri 25 zuwa 30, har ta iya aske gashin hannu. A bayan wuƙar akwai wani ƙarfe mai karya ɓawon da ake ferewa. A matso da shi ya zama bai kai milimita 1 daga kaifin ba, kuma ya kwanta sosai, don kada ɓawo ya cusa tsakaninsu. Idan tsohon magogi ne da ya yi tsatsa, a ɗiga wa sukurun mai, a yi haƙuri, kada a murɗa da ƙarfi. Haka nan kada a goge tafin da dutse kamar yadda ake yi wa magogi na yau da kullum, domin ba shi da kauri.

Wajen daidaita tafin da aikin ne akasari ake kuskure. A cikin kwarmi, lanƙwasar tafin ta ɗan fi ta katakon kaɗan. A kan doro kuwa ta ɗan gaza ta katakon. Ta haka ne wuƙa za ta riga gefuna biyu taɓa itacen. Sai an gama wannan sa'an nan a saita zurfin yanka, saboda duk lokacin da tafin ya motsa, tsawon wuƙar da ke leƙowa yakan canza.

Abin da ke cikin itacen

Ko da an yi duk wannan, sau da yawa magogin kan yi tafiya lami lafiya har tsakiyar aiki, sa'an nan ya fara tsinke katakon yana barin ramuka. Laifin ba na wuƙa ba ne. Katako tarin ƙwayoyin halitta ne matattu, sirara masu tsawo, waɗanda suka jeru daga saiwa zuwa reshe. A da su ne ke ɗaukar ruwa zuwa ganye, suna kuma riƙe da nauyin bishiya. Tsawon kowace ƙwaya bai fi kimanin milimita 1 ba a itatuwa irin su maɗaci, bangonta na selulos ne, wani sinadari mai suna lignin kuma ya manna ta da 'yar'uwarta. Zaren yana da wuyar tsinkewa, amma raba shi da maƙwabcinsa abu ne mai sauƙi. Shi ya sa mai faskare yake bin tsawon icce.

Kowane ɗalibi ya san cewa fensir ana fere shi ne zuwa wajen tsini. In aka juya reza aka nufo baya, sai ta shige ƙarƙashin zaren ta ɗaga shi, tsaga ta riga kaifi yin gaba. To, a miƙaƙƙen katako zaren yakan fuskanci gefe ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Amma da zarto ya yanka baka, ya ratsa zaren ke nan a kusurwoyi dabam-dabam, kuma daidai tsakiyar bakan fuskarsu take juyawa. Don haka a kan doro a fara daga ƙololuwa a gangara dama, a dawo a gangara hagu. A cikin kwarmi kuma a fara daga kowane baki a gangara zuwa tsakiya, a tsaya nan. Wanda ya zarce da bugu ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, rabin tafiyarsa ɓarna ce, kuma katakon da ya ɓantare ba ya komawa.

Maɗaci da danginsa suna da wata fitina ta daban: zarensu kan karkata dama na wasu shekaru, ya koma hagu, ta yadda babu fuskar da za a bi a tsira gaba ɗaya. A nan sai a rage zurfin yanka har ɓawon ya yi kamar takarda, a ƙara matso da ƙarfen bayan wuƙa.

Yana da kyau zarto ya kusanci layi tun farko, domin wannan magogi ba na cire tudu ba ne. A tura shi a miƙe, kada a karkata shi, a shafa ɗan kyandir a tafin. In an gama aiki, a sassauta sukurun tafin ya koma miƙe kafin a ajiye.

Malami zai iya nuna wannan a aji ba tare da magogi ba: a yanka gaɓar rake a karkace, ɗalibai su kankare wurin yankan da wuƙa ta fuska ɗaya, sa'an nan ta ɗayar, su rubuta abin da ya faru da zaren.