Yaron da giya ta taɓa tun yana ciki

Ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na yau kan wani yaro ne. Wataƙila kun taɓa ganin irinsa. An aike shi sayen gishiri da ashana, ya komo hannu wofi. An hana shi wasa bakin rijiya da safe, da marece ga shi can. Sai a ce taurin kai ne, a ɗauko tsumagiya. To, ba kowane yaro ke yin haka don taurin kai ba. Wani ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni tun ba a haife shi ba. Giya tana cikin abubuwan da ke kawo wannan rauni.

Yaya giya ke kai ga ɗan da ke ciki?

Abin da mai ciki ta sha yana shiga jininta. Daga nan ya bi ta mabiyiya da igiyar cibiya, ya kai ga ɗa. Giya ma haka take bi. Hantar babba tana iya kashe ƙarfin giya sannu sannu. Hantar ɗan tayi kuwa ba ta yi ƙwari ba, ba ta iyawa. Sai giyar ta daɗe jikinsa, ta ɓata ginin ƙwaƙwalwa. Fuska tana ginuwa cikin makonnin farko, tun mace ba ta san ta ɗauki ciki ba. Ƙwaƙwalwa kuma tana ginuwa duk tsawon wata 9.

Burkutu, bammi, giyar kwalba, duk ɗaya ne. Har da maganin sassaƙe da aka jiƙa cikin barasa. Wata ta sha, ba ta ma san da giya ciki ba. Shi ya sa likitoci suka ce mai ciki kada ta sha ko kaɗan.

Wa ya gano wannan lahani?

A shekarar 1968, wani likitan yara na birnin Nant a Faransa, Paul Lemoine, ya yi bayani kan yara 127 da aka haifa gidajen mashaya. Ya ga kamanninsu da matsalolinsu sun zo ɗaya. A 1973 wasu likitoci 2 na Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka ga irin haka, suka raɗa wa lahanin suna. Tun 1999 ake tunawa da shi kowace ranar 9 ga watan 9, don tuna wata 9 na ciki.

A Afirka ta Kudu, yankin gonakin inabi na Kap, a da masu gona na biyan ƴan ƙwadago wani kashi na ladansu da giya. Doka ta hana, amma shan ya riga ya zauna gidaje. Yankin yana cikin wuraren da lahanin ya fi yawa a duniya. Kun ga ke nan talauci da zalunci suna da hannu ciki.

Nan ƙasarmu mata masu shan giya ba su da yawa. Amma akwai, kuma mai sha ɓoyewa take yi.

Mi ake gani jikin yaron?

Yakan zo duniya ƙanƙane, kansa ƙarami. Ba ya kama nono da ƙarfi. Barcinsa kaɗan, kukansa da yawa. Ƙara da haske suna firgita shi. Wani idanunsa ƙanana ne, leɓen sama siriri, ƴar kwarin da ke tsakanin hanci da baki ta shafe. Amma mafi yawansu fuskarsu kamar ta kowa take.

In ya tasa, zama da tafiya da magana sukan makara. Ba ya zama wuri ɗaya. Ya koya yau, ya manta gobe. Ba ya gane haɗari. Lissafin kuɗi da na lokaci suna ba shi wuya.

A yi hattara! Tamowa, rashin gishiri mai aidin, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa kai, su ma suna iya jinkirta yaro. Kada ka ga ɗan maƙwabta haka, ka ce uwarsa mashayiya ce. Wannan ƙazafi ne. Likita ke da aikin bincike.

Lahanin ba iska ba ne, ba maita ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Ba shi da allura ko ƙwaya mai warkar da shi. Kada a sayar da akuya don mai cewa zai cire shi. Amma yaron da aka kula da shi da wuri, cikin gida mai natsuwa, yana ci gaba ƙwarai.

Yaya za a taimake shi a gida?

1. In jinjiri ne, a ba shi nono kaɗan kaɗan, sau da yawa, wurin da babu hayaniya. Goyo yana kwantar masa da hankali.

2. A kai shi awo da rigakafi kan lokaci. A adana takardar awo, a duba ko nauyinsa na hauhawa. A roƙi likita ya duba idonsa, kunnensa da zuciyarsa.

3. Kwanakinsa su zama iri ɗaya: lokacin tashi, na wanka, na ci, na kwanciya. Abin da ya saba, shi yake riƙewa.

4. Magana gajera, aike ɗaya. Kada a ce: «Ɗauko buta, ka rufe ƙofa, ka kira yayarka.» A ce: «Ɗauko buta.» In ya kawo, sannan a faɗi na biyu.

5. A nuna masa da hannu. A maimaita yau, a maimaita gobe, ba da tsawa ba.

6. In ya yi daidai, a yaba masa nan take. Duka ba ya gyara mantuwa, tsoro kawai yake ƙarawa.

7. A rufe rijiya, a kawar da wuƙa da maganin ƙwari, a sa ido bakin murhu da bakin hanya. Kada a dogara da cewa an gaya masa jiya.

In ya isa shiga lakkwal ko makarantar allo, uba ya je ya ga malam. Ya roƙa a zaunar da shi gaba, a rage masa yawan karatu, a hana yara yi masa ba'a. Irin waɗannan yara da yawa suna da fara'a da son aikin hannu. Ban ruwan garka ko ba dabbobi abinci, tare da babba, yana yi musu kyau.

Uwar fa?

Ba uwar da ke nufin ɗanta da sharri. Zagi da gori suna sa ta ɓoye, ta ƙi zuwa awon ciki. Sai ciki na gaba ma ya shiga haɗari. Ki gaya wa ungozoma ko likita gaskiya, ƴar'uwa. Duk ranar da kika bari, ɗan da ke cikinki ya ƙaru. In kuwa sha ya kama jiki, ana yi kullum, bari dare ɗaya yana da haɗari. A je likita tukuna.

Kai maigida, in kana sha, bari shigo da ita gida. Kaka, kishiya da maƙwabta, ku karɓi yaron wani yini, uwar ta huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya giya ke kai ga ɗan da ke ciki?

2. Faɗi ciwo 2 da su ma ke jinkirta yaro.

3. Don mi ake ba wannan yaro aike ɗaya ɗaya?

4. In kun san gidan da ke da irin wannan yaro, mi za ku iya yi musu cikin wannan mako?