Yadda Mota Mai Gudu Ke Shan Kwana: Aikin Taya da Na'urar ESP

Matasa da yawa suna auna mota da ƙarfin injinta, amma a cikin kwana taya ce ke riƙe da motar. Wurin da kowace taya ke taɓa titi bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma da shi ake juyawa, ake taka birki, ake ba da wuta. Idan aka nemi abin da ya fi ƙarfinsa, sai motar ta zame.

Lissafin gudu

Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke jan mota zuwa wajen kwana yana ninkawa sau huɗu. Wato wanda ya shiga kwana da gudun kilomita 60 a awa yana buƙatar riƙo ninki huɗu na wanda ya shiga da 30.

Gaba ko baya?

Honda Accord da yawancin Toyota Camry da tayoyin gaba suke ja, nauyinsu ma ya fi yawa a gaba. Idan gudu ya yi yawa, sai gaban ya ƙi juyawa, motar ta miƙe. Maganinsa shi ne a sassauta totur a hankali, kada a ƙara murɗa sitiyari.

Yawancin BMW 3 Series da Mercedes C-Class kuwa da tayoyin baya suke turawa. BMW na raba nauyin motar kusan rabi da rabi tsakanin gaba da baya, shi ya sa take bin kwana cikin natsuwa. Amma idan aka danna wuta a tsakiyar kwana, bayanta ne zai zame.

Kwamfutar da ke sa ido

A 1995 kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ESP. Tana aiki da sansa irin jairoskof ɗin wayar hannu, wanda ke gane karkatar waya a wasan tseren mota. Kwamfutar tana kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda motar ke juyawa. Idan sun saɓa, sai ta kama birkin taya ɗaya: ta baya ta cikin kwana idan gaba ya ƙi juyawa, ko ta gaba ta waje idan baya ya zame.

Bayan wata Mercedes A-Class ta kife a gwaji a Suwidin a 1997, kamfanin ya sanya wa wannan samfurin ESP. Amurka ta wajabta na'urar daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma ga duk sabbin motoci daga 2014. Toyota na kiran ta VSC, Honda VSA, BMW kuma DSC. Alamarta a dashbod mota ce da layuka biyu masu lanƙwasa. In tana ƙyaftawa, aiki take yi. In ta tsaya a kunne, an kashe ta ko ta samu matsala.

A titunan Katsina

Kwamfuta ba ta ƙirƙirar riƙon da babu. A hanyoyin da ke kewaye da Babbar Kasuwa, yashi kan taru a gefen kwalta, ga Keke Napep da babura da masu tura baro suna ɓullowa ba zato. A kan yashi, ko a ruwan farko na damina da ke cakuɗa ƙura da mai, BMW ma zamewa take yi.

Don haka direba ya kiyaye abu uku:

1. Ya gama taka birki kafin ya shiga kwana, ya ba da wuta bayan sitiyari ya fara miƙewa.
2. Ya sha iskar taya bisa adadin da ke jikin takardar ƙofar direba.
3. Kafin ya sayi taya 'yar gwanjo, ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar roba ta bushe, ko da zanenta bai cinye ba.