Darasi: Wa Ke Zaɓen Maganin da Ake Saya Mana?

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mu mutanen Tudun Wada a Gusau mun san yadda zazzaɓin cizon sauro yakan kwantar da yaranmu da damina. In aka sayo magani ba a tambaye mu ba, wa zai sha wahala?

A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka yarda jama'a su sa hannu cikin sayen magani a ƙananan asibitoci. A 2014 Nijeriya ta yi dokar da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiyar talakawa. Wani kaso yakan shiga asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa yana da ta cewa wajen kashe shi.

Saboda haka mu riƙa zuwa taron kwamiti, maza da mata. Mu tambayi nawa ya shigo, me aka saya.

Tambayoyi:
1. Su wane ne 'yan kwamitinmu?
2. Wane magani ne ke fara ƙarewa a asibitinmu?