Bayan An Cire Maka Haƙori: Abin Yi, Abin Gudu, da Lokacin Komawa Asibiti

Mai karatu, ko a Bawku aka cire maka haƙori, ko a Yendi, ko a Salaga, aikin likita yakan ƙare cikin 'yan mintoci. Sauran aikin naka ne, kuma a gida za ka yi shi. Yawancin waɗanda ke dawo mana da kuka bayan cirar haƙori, damuwarsu ɗaya ce cikin uku: jini, zafi, ko kumburi. Wannan darasi zai nuna maka wanda za ka iya kula da shi da kanka, da wanda bai kamata ya kwana a gida ba. Maganar ta shafi maza da mata, har da iyayen da aka cire wa yaransu haƙori.

Gudan jini shi ne murfin gurbin

Idan aka cire haƙori, rami yakan saura a cikin ƙashin muƙamuƙi. Jini ya cika ramin ya daskare, ya zama guda mai duhu kamar tsokar hanta. Wannan gudan jini ba ƙazanta ba ne. Shi yake tsayar da jini, shi yake rufe ƙashi, kuma a cikinsa sabon nama yake tsirowa. Dasashi yakan rufe bakin ramin cikin kamar mako 2, ƙashin kuwa sai ya yi watanni kafin ya cike. Duk dokokin ranar farko manufarsu ɗaya ce: kada murfin nan ya fita.

Ranar farko

1. Ka ciji audugar da aka sa maka da ƙarfi har minti 30. Kada ka riƙa cirewa kana dubawa.
2. Kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu, har awa 24. In za ka yi alwala, ka sa ruwa kaɗan a baki, ka sunkuya ya zuba da kansa.
3. Kada ka tsotsi kome. Ruwan leda ma ka juye shi a kofi, domin tsotsa tana janyo gudan jinin waje.
4. Kada ka taɓa wurin da harshe, ko yatsa, ko tsinke, ko asawaki.
5. Kada ka ci abinci sai leɓe da harshe sun farka daga allura, wato bayan awa 2 zuwa 4. Uwa ta sa ido kan yaro, domin yakan tauna leɓensa bai sani ba.
6. Ka ci mai laushi wanda ya huce: koko, kunu, fura, tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa. Ka tauna ta ɗaya gefen. Goro, gyaɗa, aya, ƙuliƙuli da tsire su jira mako guda.
7. Ban da sigari, ban da tabar baki, aƙalla kwana 3. In ka iya mako guda, ya fi.
8. Ka huta. Ban da noma, daka, ɗaukar kaya ko doguwar tafiya a kan babur. In za ka kwanta, ka tada kai da matashi biyu.

Daga rana ta biyu, ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi da aka tafasa. Ka riƙe a baki, ka karkata kai a hankali, ka zubar. Ka yi haka bayan kowane cin abinci har mako guda. Sauran haƙora ka ci gaba da goge su.

Idan jini bai tsaya ba

Yawu mai ɗan ja a rana ta farko ba abin tsoro ba ne. Ɗigon jini kaɗan yakan rina yawu mai yawa. Amma in baki yana cika da jini ja wur, ka zauna, kada ka kwanta. Ka naɗe tsumma mai tsabta, ka ɗan jiƙa shi, ka ɗora daidai kan ramin, ka cije minti 30 ba magana. Ƙullin ganyen shayi irin na Lipton da aka jiƙa shi ma yana taimakawa. In ka yi haka sau biyu jini bai tsaya ba, ka tafi asibiti.

Kada ka sayi asfirin don wannan ciwo, domin yana tsinka jini. Wanda kuma likita ya ɗora shi kan maganin tsinka jini, kamar wafarin ko asfirin na zuciya, kada ya daina da kansa. Ya faɗa wa likitan haƙori tun kafin a taɓa shi. Haka mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai ciwon hanta, da mace mai ciki.

Zafi iri biyu ne

Zafin warkewa yakan yi ƙarfi a daren farko, daga nan kullum yana raguwa. Babban mutum ya sha farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2 kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. In bai isa ba, ana iya ƙara ibuprofen mai miligiram 400 bayan cin abinci, har sau 3 a rana. Amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asma, mai shan maganin tsinka jini da mace mai ciki, kada su sha ibuprofen sai da izinin likita. Maganin yaro gwargwadon nauyinsa ake auna shi, saboda haka a tambayi ma'aikacin lafiya. Tramadol na kasuwa ba naka ba ne. Yana rufe ciwo, yana kuma kama mutum.

Zafi na biyu shi ne wanda ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi, tsakanin kwana na 2 da na 5. Yana zuga, yana harbawa zuwa kunne, baki yana wari, magani ba ya jin sa. In ka duba a madubi, ramin ya zama fayau, wani lokaci har ka hango ƙashi fari. Murfin ne ya fita. An fi ganin haka a haƙoran ƙasa na can ciki, da wurin masu shan taba. Ba kafso yake nema ba. A asibiti za a wanke ramin, a sa masa magani a ciki, sau da yawa mutum yakan ji sauƙi tun a ranar.

Kada ka cusa taba, kanwa, fetur, ruwan batir ko ƙwayar magani a cikin ramin. Muna ganin dasashin da waɗannan abubuwa suka ƙona, ciwo ɗaya ya zama biyu.

Kumburin da ke kisa

Kunci yakan ɗan kumbura. Yakan kai iyakarsa a kwana na 2 ko na 3, sannan ya fara saɓewa. A rana ta farko ka naɗe ruwan leda mai sanyi a tsumma, ka ɗora a kunci minti 15, ka huta minti 15.

Akwai wani kumburi dabam. Wani manomin albasa ya zo mana kwana 5 bayan mai cirar haƙori na kasuwa ya fasa masa haƙorin ƙasa, saiwar ta saura a ciki. Ya yi ta gasa wurin da ruwan zafi yana jiran ranar kasuwa ta zagayo. Da aka kawo shi, ƙarƙashin haɓarsa ya yi tauri kamar itace, yawu na zuba, ba ya iya kwanciya rigingine. Nan take muka tura shi babban asibiti. Ya rayu, amma sai da aka tsaga wuya aka fitar da mugunya, ya yi makonni a kwance a tsakiyar lokacin ban ruwa.

Wannan ciwo sananne ne. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana shi tun 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Ƙwayoyin cuta ne ke gangarawa daga saiwar haƙori zuwa ƙarƙashin harshe. Harshe ya tashi sama, ya toshe hanyar numfashi. Yana iya yin haka cikin sa'o'i kaɗan.

Ka tafi asibiti nan da nan, ko dare ko rana, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- kumburi yana ƙaruwa bayan kwana na 3, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, ko ya hau zuwa ido;
- haɗiya ko numfashi yana wuya, ko murya ta canja;
- baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu su shiga, kuma abin yana ƙaruwa;
- zazzaɓi da rawar sanyi, ko mugunya tana fita daga wurin;
- jini ya ƙi tsayawa, ko kana jin jiri;
- ƙuraje, ƙaiƙayi ko kumburin leɓe bayan shan magani. A nan ka dakatar da maganin, ka tafi da kwalinsa.

Zazzaɓi bayan cirar haƙori, kada ka yanke cewa na sauro ne ka tsaya a kantin magani. A duba jini, a duba baki kuma.

Wasu matsaloli

In haƙorin sama na can ciki aka cire, sai ka ga ruwan da ka sha yana fitowa ta hanci, to ramin ya haɗu da kogon da ke bayan kunci. Kada ka fyace hanci. In atishawa ta zo, ka buɗe baki. Ka koma wurin likita a ranar ko washegari.

In leɓen ƙasa, haɓa ko gefen harshe bai farka ba har washegari, jijiya ce ta taɓu. Yawanci tana dawowa cikin makonni ko watanni, amma likita ya sani tun da wuri.

In ciko aka yi maka, jin tsami da ruwan sanyi na mako 2 zuwa 4 ba laifi. In kuwa haƙorin ne yake fara haɗuwa kafin sauran in ka rufe baki, cikon ya yi tudu. Gyaransa na 'yan mintoci ne. Zafin da ke hana barci, ko cikon da ya faɗi, a koma.

Haƙoran roba in suna cin dasashi, kada ka kankare su da wuƙa. Ka sa su na 'yan sa'o'i kafin ka zo, don likita ya ga inda suke ci. Ka riƙa cire su da dare. Gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, dole a duba shi.

In an rubuta maka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka sha yadda aka faɗa har kwanakin su cika. Mai shan Flagyl kada ya kusanci giya ko fito sai kwana 2 bayan ya gama.

Ina za ka je?

In da hali, ka koma inda aka yi maka aikin, da katinka da duk magungunan da kake sha. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da likitan haƙori ba, amma kowanne yana iya duba ka, ya danne jini, ya rubuta maka takardar turawa. Mutanen Binduri da kewaye, babban asibiti mafi kusa shi ne na Presby a Bawku, sai na yanki a Bolgatanga. Yendi da Salaga kowanne yana da asibitin gwamnati, abin da ya fi ƙarfinsu kuma sukan tura Asibitin Koyarwa na Tamale. Lambar gaggawa a Ghana ita ce 112.

Ka nemi a yi maka aikin haƙori da safe, don in matsala za ta fito ta fito da sauran rana. Wannan ya fi muhimmanci da damina, da lokutan da aka sa dokar hana fitar dare. Kada tsoron kuɗi ya zaunar da kai. Inshorar lafiya ta NHIS, wadda aka kafa a 2003, ta ƙunshi cirar haƙori, ciko mai sauƙi da fitar da mugunya, ko da yake ban da haƙoran roba. Ka duba katinka yau, ka sabunta shi in ya ƙare.

Mai cirar haƙori na kasuwa kuwa, ƙarfen da ya sa a bakin wani shi zai sa a naka. Ta haka ake ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. In ka riga ka je, kada kunya ta sa ka ɓoye mana. Ba faɗa za mu yi maka ba, sanin gaskiya ne zai sa mu san abin da za mu nema.

Tambayoyi don bita

1. Me ya sa ba a kurkure baki a rana ta farko?
2. Yaya za ka bambanta zafin warkewa da zafin fitar murfi?
3. Ƙwaya nawa ta farasitamol ce iyakar babban mutum cikin awa 24?
4. Faɗi alamu 3 da za su sa ka tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Ka karanta wa na gida wannan darasi tun kafin ranar aikin. Wanda bakinsa ya kumbura ba ya iya yi wa kansa magana, na kusa da shi ne zai ce a tashi a tafi.