Yadda Za Ka Haɗa Ƙaramin Kibod Mai Maɓallai Uku Da Zai Yi Aiki Da Wayarka

Idan kana ɗaukar bidiyo kai kaɗai, ko kana sauraron karatu kana rubutu, ka san wahalar miƙa hannu ana latsa fuskar waya kowane minti. Maɓallai uku a kan tebur sun isa su raba ka da wannan, kuma kai da kanka za ka haɗa su.

Sirrin shi ne tsarin USB da ake kira HID, wanda kibod da linzamin kwamfuta ke amfani da shi. Duk na'urar da ta gabatar da kanta a wannan tsari, Android da Windows za su karɓe ta ba tare da an sauke wata manhaja ba. Saboda haka zaɓen allo shi ne abu na farko. Arduino Uno bai dace ba, domin guntun ATmega328P da ke cikinsa ba ya magana da USB kai tsaye. Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, yana iyawa.

Kayan da za ka nema

- Raspberry Pi Pico. Samfurin Pico H ya zo da ƙafafu a manne, ba sai ka nemi mai dalma ba.
- Maɓallai uku masu ƙafa huɗu, allon gwaji da 'yan siraran wayoyin haɗi.
- Kebul na micro USB mai tura bayanai, da kan OTG da ya dace da wayarka.

Mataki na 1: Sanya manhaja. A kwamfuta, sauke fayil ɗin CircuitPython na Pico. Danne maɓallin BOOTSEL, ka jona allon, zai bayyana kamar filashi mai suna RPI-RP2. Kwafa fayil ɗin ciki. Allon zai sake tashi da sunan CIRCUITPY. Daga tarin laburaren Adafruit, ɗauko folda adafruit_hid ka saka a cikin lib.

Mataki na 2: Haɗa maɓallai. Cire kebul tukuna. Ƙafa ɗaya ta kowane maɓalli ta tafi GP13, GP14 ko GP15, ɗayar kuma ta tafi GND, wanda yake tsakanin GP13 da GP14. Zaɓi ƙafafu biyu da ke kusurwa da kusurwa, domin wasu ƙafafun a haɗe suke ta ciki. Ka kiyaye: ƙafafun GP wutar 3.3V suke ɗauka. Idan wayar haɗi ta taɓa VBUS mai 5V, allon na iya lalacewa.

Mataki na 3: Rubuta umarni. Buɗe code.py ka saka wannan:

```
import time, board, digitalio, usb_hid
from adafruit_hid.consumer_control import ConsumerControl
from adafruit_hid.consumer_control_code import ConsumerControlCode as C

cc = ConsumerControl(usb_hid.devices)
jeri = [(board.GP13, C.VOLUME_INCREMENT),
        (board.GP14, C.PLAY_PAUSE),
        (board.GP15, C.SCAN_NEXT_TRACK)]
maballai = []
for kafa, aiki in jeri:
    m = digitalio.DigitalInOut(kafa)
    m.switch_to_input(pull=digitalio.Pull.UP)
    maballai.append((m, aiki))

while True:
    for m, aiki in maballai:
        if not m.value:
            cc.send(aiki)
            time.sleep(0.3)
```

Layin Pull.UP yana riƙe ƙafar a kan 3.3V. Da ka danna, sai ta haɗu da GND, allon ya gane an taɓa shi. Jinkirin 0.3 kuwa kada ka cire shi: ƙarfen cikin maɓalli yana 'yar karkarwa idan an danna, in babu jinkiri dannawa ɗaya za ta koma da yawa.

Mataki na 4: Gwaji a waya. Jona ta OTG. Maɓalli na biyu zai tsayar da sauti ko ya ci gaba, na uku ya tsallaka zuwa na gaba. Na farko yana ƙara murya, kuma a manhajar kyamara ta wayoyi da yawa shi ne ke ɗaukar hoto ko fara bidiyo.

Idan bai yi aiki ba

Fara da kebul, domin da yawa na caji ne kawai. Sannan duba saitin waya, wasu sai an kunna OTG da hannu. Idan sauti yana ta ƙaruwa shi kaɗai, ka haɗa ƙafafun maɓalli da suke a haɗe tun asali, sai ka canza.

Da zarar ukun nan sun yi aiki, ƙara na huɗu waya biyu ne da layi ɗaya a cikin jeri. Gwada C.MUTE a GP12.